Yadda Ake Jagorantar Tattaunawa Kan Tushen Ta'addanci a Fada

Duk wanda zai jagoranci zama kan ta'addanci a Maradi, a fadar matasa ne ko a zauren mai unguwa, ya kamata ya fara da tantance rikicin da za a tattauna. Boko Haram da ta kai hari Diffa da Bosso a 2015 tana tafe da aƙida, su kuwa ƴan bindigar da ke ƙetaro iyaka suna kora shanu da garkuwa da mutane a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji, galibi kuɗin fansa ne a gabansu. Idan aka cakuɗa su, za a tashi ba a fahimci ko ɗaya ba.

Da an buɗe fili, wani zai ce talauci ne tushen komai. Kada jagora ya ƙaryata shi, amma ya tambaye shi abin da ya hana ɗimbin matasan da ke dako a kasuwa ɗaukar bindiga, alhali su ma ba su da na abincin gobe. Wannan tambayar ce ke fito da sauran dalilai: burtalin da aka nome, shari'ar da ta kwanta saboda mai ƙara ba shi da kowa, da ramuwar gayya. Yana da kyau jagora ya riƙe misalai tabbatattu, kamar kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun ƴan sanda a Maiduguri a 2009, wanda bayansa ƙungiyarsa ta ƙara tsananta, da kuma kisan Toda na 1991 a nan jiharmu, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100.

Daga nan sai batun alhaki, kuma a nan ne zama ya fi zafi. Jagora ya bayyana tun farko cewa gano dalili ba wanke mai laifi ba ne, domin wanda aka zalunta jiya, idan ya harbe manomi a gonarsa yau, jinin yana wuyansa. Sannan a bi sauran masu hannu ɗaya bayan ɗaya: mai kai rahoton gidan da aka sayar da bijimi, dillalin da ya sayi saniya da rabin kuɗinta bai tambayi inda ta fito ba, mai ɗora jarkokin fetur a babur ya nufi daji da dare, da ma'aikacin da ya karɓi cin hanci ya saki wanda aka kama. A ganina dillalin nan ne aka fi yi wa sassauci, wataƙila don da shi ake sahun salla. Amma a bambanta waɗannan da wanda aka tilasta, irin uban da ya sayar da gonarsa don ya fanso ɗiyarsa.

Kada a bari a ɗora laifi kan ƙabila baki ɗaya. Idan wani ya soma, a tunatar da shi aya ta 164 ta Suratul An'am, wadda ta nuna cewa babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. A hana ambaton sunan wanda ake zargi, a kuma hana naɗar murya, saboda saƙon WhatsApp ɗaya na iya jawo wa mutum kisa. Mai wani bayani na haƙiƙa ya jira a watse, sannan jagora ya raka shi wurin mai gari ko jandarma cikin sirri.