Yadda nake renon furen protea a bayan gida

Shekarar da na fara samun ɗan fili a bayan gidan da nake haya a Cape Town, da hannuna na kashe protea biyu, wato wata shuka mai manyan furanni ta Afirka ta Kudu, kuma da taki na kashe su. Ni ɗan manomi ne, na tashi ban taɓa ganin shukar da ake hana wa kashin kaji ba. Na zuba musu, na ƙara da NPK. Wata biyu ba su cika ba ganyen ya fara ƙonewa daga baki, suka bushe ƙurmus. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Daga baya na gane cewa protea a ƙasa marar ƙarfi ta saba rayuwa, yashi mai tsami na duwatsun Afirka ta Kudu. Saiwarta na fitar da ƙananan jijiyoyi cunkus kamar burushi, masu zuƙe ɗan sinadarin fosfaras da ke cikin ƙasa. In ya yi yawa ba ta san ƙoshi ba, sai ya zame mata guba. Saboda haka ka manta da taki. Tokar murhu ma kada ta kusance ta, domin toka na kashe tsamin ƙasa.

Ka zaɓi inda rana ke duka wuni guda, iska na kaɗawa. Haƙa rami ka cika shi da ruwa. In ka dawo bayan 'yan sa'o'i ka tarar yana kwance, to saiwar za ta ruɓe a wurin, sai ka tara tudun yashi ka dasa a kai. A nan watan Afrilu ko Mayu nake dashe, lokacin da ruwan sama ke fara sauka, domin a Cape Town da hunturu ake ruwa. Zare ta daga leda a hankali, kada ƙasar saiwar ta farfashe.

Fartanya kuwa ba ta zuwa gindinta, saiwar a sama-sama take. Da hannu nake cire ciyawa, in rufe ƙasar da ɓawon itacen pine, ba tare da ya taɓa karan ba. Shekaru biyun farko ina ba ta ruwa sosai sau biyu a mako idan zafi ya shigo.

In furen ya gama, yanke reshen ka bar kamar taƙi guda mai ganye, daga nan sababbin rassa ke tohowa.

Kowa nau'in da ake kira sarkin protea yake so, furen da ke alamar ƙasar Afirka ta Kudu, mai faɗin kusan santimita 30. Ni dai shawarata ka fara da nau'in da ake kira Protea repens, ta fi haƙuri da sabon hannu. Ita na dasa bayan waɗancan biyun, kuma duk hunturu tsuntsaye masu dogon baki na zuwa shan zaƙin furenta.