Ga 'yan Sakkwato masu fita karatu: ku nemi cibiyar rubutu tun makon farko

Idan ɗan Sakkwato zai tafi karatu Ingila, Amurka, Kanada ko Jamus, nasihar da ake cika masa kunne da ita sananniya ce. A tanadi rigar sanyi, a nemi masallaci da shagon naman halal, kada a saka kilishi a jaka don jami'an kwastan na can ba sa barin nama ya shiga. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya fi jigata ɗalibi a zangon farko ba a cika ambatonsa ba, wato rubutu.

Wanda ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ya saba da cewa jarrabawar ƙarshen zango ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka na maki. A can kuwa akwai darasin da makinsa kacokan ya rataya a kan maƙala ɗaya ko biyu. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne, kundin ƙarshe yakan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na aikin, kuma galibi sai da maki 50 ake hayewa. Babu lokacin da za ka ce bari in lalubi hanya sannu a hankali. Kafin ka gama sanin motar da ke kai ka makaranta, ranar miƙa aikin farko ta ƙarato.

Saboda haka jami'o'i da yawa suke da wurin da ɗalibi zai kai rubutunsa a zauna a duba tare da shi, kyauta, don kuɗin makarantarka ya riga ya biya. A Amurka da Kanada za ka same shi a shafin jami'a da sunan Writing Center, sau da yawa a cikin laburare, kuma yawancin masu dubawar ɗalibai ne 'yan uwanka da aka horar. Tsarin ya yi ƙarfi ne a farkon shekarun 1970, lokacin da jami'ar birnin New York ta buɗe ƙofa ga ɗalibai masu yawa. Wani malami a Kwalejin Brooklyn, Kenneth Bruffee, ya lura cewa ɗaliban da suka fi buƙatar taimako suna guje wa ofishin malamai, amma suna sakin jiki da ɗalibi irinsu. A Ingila an fi samun ma'aikata a sashen dabarun karatu, wasu jami'o'in kuma suna da ƙwararrun marubuta da gidauniyar Royal Literary Fund ke turawa tun 1999. Jamusawa suna kiran nasu Schreibzentrum, har suna da wani dare a watan Maris da ake kwana a laburare ana ƙarasa ayyukan da aka yi ta ɗagawa, al'adar da ta faro a jami'ar Viadrina a 2010.

Abin da ke hana mutanenmu zuwa ba rashin sani ba ne kawai. Girma ne. Mutum ya haura arba'in, yana da iyali a Mabera ko Runjin Sambo, ya shekara goma yana duba kundin ɗalibai, a gida ba a kiran sunansa sai an sa Malam a gaba. Ya shiga cibiyar sai ya tarar da yarinya 'yar shekara ashirin ta kira shi da sunansa gatsau, ta ce ya zauna. Nan take zuciya ta ce: “Mi wagga ɗiya ta sani da za ta koya mani?” To, ƙanena, ko yayana idan ka girme ni, ba ta san fanninka kamar kai ba, ba ta kuma yi da'awar haka ba. Abin da ta sani shi ne yadda mai karatu na can yake karanta maƙala, da inda yake gajiya ya daina bin ka. Wannan kuwa shi ne abin da ba ka zo da shi daga gida ba. A makarantun zaure na garinmu ma, idan an tashi daga gaban malam, ɗalibai ne ke zama su yi wa juna bitar karatu, kuma ba a taɓa ɗaukar hakan ƙasƙanci ba.

Ke kuma da kike jin nauyin zama da namiji, ko kai da ka fi son namiji, yawancin cibiyoyin ana kama lokaci ne ta intanet, sunayen masu dubawa na jere, sai ka zaɓa. Zaman ma galibi a fili ake yin sa, ga tebura kusa da juna, akwai kuma na bidiyo ga mai so.

Zama ɗaya yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. Ka tafi da takardar da malami ya bayyana aikin a ciki, da ma'aunin da zai ba da maki da shi, da abin da ka rubuta ko da shafi ɗaya ne. Wataƙila a ce ka karanta da ƙarfi. Kada abin ya ba ka haushi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake. Daga nan tambaya za ta biyo: a jumla ɗaya, me kake son ka ce? Nan ne da yawa daga cikinmu suke yin shiru, ga shafi takwas a gabansu.

Dalili kuwa ba raunin Turanci ba ne. Mu mutane ne masu shimfiɗa. Ba a shiga gidan mutum a faɗi buƙata kafin gaisuwa ta ƙare, kuma haka muke rubutu: tarihin matsala tun daga tushe, ma'anar kowace kalma daga bakin masana uku, sai can a shafin ƙarshe ra'ayin marubuci ya leƙo a kunyace. Malamin can yana son ya ga matsayarka a sakin layi na farko, sauran maƙalar kuma ta zama hujja a kanta. Yana kuma son ka auna maganar masana, ka ce wane ya yi daidai a nan, amma bayanan da ya dogara da su ba su kai su ɗauki hukuncin da ya yanke ba. Ga wanda ya tashi da ladabin almajiri wannan yana kama da rashin kunya. A wurinsu shi ne aikin, kuma maƙalar da ta tsaya ga jero abin da aka faɗa ba ta wuce matsakaicin maki, komai kyan Turancinta. Mai dubawa zai fara da waɗannan manyan abubuwa kafin nahawu. Idan ya zo kan nahawun ma, ba zai bi layi-layi yana gyara maka ba. Zai nuna kuskuren da kake maimaitawa, ku gyara biyu tare, sauran ya bar maka. Wanda ya je da niyyar a wanke masa aiki ya karɓa zai fito yana ƙorafi.

Sai batun satar fasaha, wato ɗaukar rubutun wani ka mai da shi kamar naka, wanda ya fi kowanne haɗari. Yawancin jami'o'i suna bi da aiki ta manhajar Turnitin, wadda ke nuna inda rubutunka ya yi kama da na wani. Ɗauko jumlar masani ka sauya kalma biyu ba ya fitar da kai, ko da ka ambaci sunansa. Ko dai ka kawo maganarsa yadda take cikin alamar zance da lambar shafi, ko ka rufe littafin ka faɗe ta da bakinka sannan ka jingina masa. Ɗan Sakkwato bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Malaman jihadi idan sun ciro magana sukan ambaci mai ita da littafinsa, su rufe da “intaha” don a san inda ta ƙare. Abin da ya rage shi ne salon ambaton manazarta da sashenka ke bi, APA ne ko Harvard ko IEEE, kuma cibiyar tana da takardun kowanne. Tun kana gida ma kana iya buɗe shafin Purdue OWL, na koyar da rubutu na Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ke kan intanet kyauta tun 1994, ka kuma sauke manhajar Zotero don tattara manazarta.

Za ka ga saƙonni a WhatsApp daga masu cewa za su rubuta maka aiki a kan kuɗi kaɗan. Tun 2022 doka ta haramta wannan sana'a a Ingila, kuma akwai waɗanda bayan sun karɓi kuɗi suke dawowa da barazanar tona asiri. Idan jami'a ta kori ɗalibi, bizarsa ma ta tafi. Haka nan ɗan gida da ya riga ka zuwa, ya karanta ya ba ka shawara babu laifi, amma ya zauna ya sake rubuta maka sakin layi, wannan a dokarsu haɗin baki ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kuwa kowane darasi da ƙa'idarsa, wani ya yarda da sharaɗi, wani ya hana. Ka karanta takardar darasin, in ba ka gane ba ka tambayi malamin ta imel don amsar ta zauna a rubuce.

Guraben zama suna cikewa idan ranar miƙa ayyuka ta matso, musamman ƙarshen Nuwamba da Afrilu, don haka ka kama naka da wuri. Idan azumi zai faɗo cikin zango, ka zaɓi safiya. In uzuri ya taso ka soke lokacin, don wasu cibiyoyin suna rufe wa mai yawan saɓa alkawari ƙofa. Wanda ka ji daɗin zama da shi ka riƙa komawa wurinsa, zai san inda kake tuntuɓe. Ba maƙala kaɗai ake kaiwa ba, har takardar neman tallafi da wasiƙar neman mai duba digiri na uku.

Bayan zango ɗaya ko biyu, ka duba ko suna ɗaukar sababbin masu dubawa. Aiki ne da ake biya, a cikin harabar makaranta yake, kuma yana shiga cikin awa 20 a mako da bizar ɗalibi ta Amurka da ta Ingila suka yarda a yi lokacin karatu. Cibiyoyi da dama suna maraba da mai harshe fiye da ɗaya, don ya fi gane inda baƙon ɗalibi yake maƙalewa.