Yadda za ka tattara bayanan furojet ɗinka na soshiyoloji a unguwannin Jos

Na koyi ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Jos, kuma har yau ƙannenmu da suka kai aji huɗu suna kawo min furojet ɗinsu in duba kafin su kai wa sufabaiza, wato malamin da ke kula da aikin. Kusan dukkansu a babi na uku suke tuntuɓe, wajen bayanin yadda aka samo bayanai.

Fara da rage girman take. Idan ka rubuta "Rikicin Jos da illolinsa", ka ɗauko abin da shekara goma ba za ta ishe ka ba. Wanne rikicin, na Satumban 2001, ko na Nuwamban 2008, ko na Janairun 2010? Illa ga wa? Gara ka ce za ka duba yadda rabuwar unguwanni ta sauya hulɗar bashi tsakanin manoma da dillalan kayan gwari a kasuwar Farin Gada, ko kuma inda 'yan kasuwa suka watsu bayan gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002. Wannan da ƙafarka za ka taka ka gano shi.

Sai maganar mutum nawa za ka tambaya. Kowa ya haddace lissafin masanin ƙididdiga Taro Yamane, wanda idan jama'a suna da yawa kuma ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 yake ba ka kusan mutum 400. Ɗalibi sai ya ɗauko adadin mutanen Jos ta Arewa na ƙidayar 2006, ya jefa a lissafin, ya buga takardar tambayoyi 400 da kuɗin abincinsa, ƙarshenta rabinsu a ɗakin kwana ake cike su da biro kala uku. Malamai sun san wannan dabarar, suna gane hannu ɗaya. A ganina, in batunka na neman dalili ne ba na ƙirge ba, hira mai zurfi da mutane kaɗan ta fi. Leonard Plotnicov, Ba'amurken da ya wallafa bincikensa kan Jos a 1967, tarihin rayuwar mutane ƙalilan ya bi daki-daki, kuma har gobe ana kafa hujja da shi. Amma ka samu amincewar sufabaiza tukuna, don wasu ba sa kallon aikin da babu teburan SPSS, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma, a ciki.

Shiga unguwa shi ne wurin da ba a koyarwa a aji. Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka rataya katin makaranta, ka fara da gidan mai unguwa. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, aikin makaranta ya kawo ni, ba gwamnati ce ta aiko ni ba." Ƙarshen maganar nan ta fi komai muhimmanci, domin a Gangare ko Unguwar Rogo duk baƙon da ya zo da takarda da biro, ko dai a ɗauke shi ɗan leƙen asiri ne, ko mai rubuta sunayen tallafi. Na farkon ba za a gaya masa komai ba, na biyun kuma kowa zai zama matalauci a gabansa. Kada ka yi alkawarin ko sisi. Idan bincikenka ya kai ka unguwar da ba ta mutanenku ba, nemi abokin karatu ɗan wurin ya raka ka, ku bi ta wajen fasto ko shugaban matasa, ku kuma fito kafin magariba.

Namiji ba zai tsallake zauren da aka rubuta "ba shiga" ba, don haka in kana son jin ta bakin matan aure, sai ka nemi 'yar ajinku ta yi maka hirar. Ranar Juma'a da rana da safiyar Lahadi ba lokacin aiki ba ne.

Tambayoyin kuma ka mayar da su Hausa tun a gida, ka gwada su a kan maƙwabcinka. Kada ka tambayi dillali nawa yake samu a wata, dariya zai yi ya ce "Alhamdulillahi". Tambaye shi kwando nawa ya sayar jiya. Tambayar ƙabila da addini ka bar ta can ƙarshe, bayan an saba.

Nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, wanda ya ƙi ka rubuta da hannu. A daren ranar ka zauna ka kwafe hirar kafin ta bushe a kanka, ka cire sunan gaskiya ka sa lamba, ka ajiye kwafi a imel ɗinka, don waya tana ɓata a cikin Keke Napep.