Darasi na 7: Kaskon Wuta da Gidan Sauro

Da an fara yankan dawa, ka fito da safe ka tarar hazo ya dusashe hasumiyar Gobarau, to hunturu ya kawo kai Katsina. Iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara ɗauke da ƙura. Takan fara a watan Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta ja da baya a Fabrairu.

Shirin farko ba shi da wuya. A wanke barguna a shanya tun rana na da ƙarfi. A sayo wa yara rigunan sanyi da safa kafin masu gwanjo su ɗaga farashi. Wanda yake kwana a ƙasa ya sa kwali ko buhu a ƙarƙashin tabarma, domin sanyin siminti ya fi na iska shiga jiki. Inda ake samun matsala shi ne wajen wuta.

Ku karanta wannan hira. Wani magidanci ne ya shiga gaida mahaifiyarsa bayan sallar isha'i. Ya tarar an toshe taga da tsumma, an saki labule, ga kasko cike da garwashi a gindin gado, jikoki biyu sun riga sun yi barci.

"Inna, barka da dare. Wannan kaskon a nan zai kwana?"

"To ina zai kwana? Ai sai da na bari ya ruru ya yi jawur kafin a shigo da shi. Kana ganin hayaƙi?"

"Babu hayaƙi kam, Inna. Amma ki yi haƙuri, in kin gama jin ɗumin zan fitar da shi. Ga bargo na ƙaro miki."

"Ikon Allah! Mu da muka tashi ana hura mana wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa."

"Haka ne, Inna. Amma wancan ɗakin da jinka aka rufe shi."

Inna ba ƙarya ta yi ba, ɗanta ma ya faɗi gaskiya. Ɗakin da aka rufe da ciyawa iska tana ratsa shi dare da rana, ƙofarsa ma sau da yawa asabari ne kawai. Ɗakin yanzu kuwa bulo ne da siminti, ga silin, ga tagar gilashi, ga ƙofar ƙarfe. In aka rufe shi, abin da ke ciki ba ya fita.

Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka tana shiga sai ta tare wurin iskar da jiki yake rayuwa da ita. Barin gawayi ya yi ja yana rage hayaƙi ne kawai, gubar tana nan tana fita har garwashin ya mutu. Mai barci kuwa ba ya jin komai, barcin ne yake ƙara nauyi.

Ga yadda ake gane ta: mutanen ɗaki ɗaya su tashi dukansu da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, in sun fito waje su ji dama-dama. Wani lokaci a ga mutum ya rikice yana sambatu, sai a ce iska ce ta taɓa shi. Iskar ce kuwa, amma ba wadda ake nufi ba. In haka ta faru, a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa tsakar gida, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa da wuta aka kwana, don kada a ɗauka zazzaɓi ne.

Saboda haka a ji ɗumi ido biyu, taga a ɗan buɗe. Kafin a kwanta a fitar da kaskon, a kashe wutar da ruwa ko ƙasa, nesa da danni da tarin kara, domin gobarar hunturu ba ta da wuyar tashi. Sauran aikin na bargo ne da hula da safa. Janareta ma irin wannan gubar yake fitarwa. Wurinsa fili ne, ba zaure ba, ba gindin taga ba.

Sai maganar sauro. Gidaje da yawa da ruwa ya ɗauke sai a naɗe gidan sauro a jefa saman sif, wai sanyi ya kashe su. Sun ragu dai, amma waɗanda suka saura sun san inda ɗumi yake. Ka girgiza rigunan da aka rataye a bayan ƙofa, ko ka leƙa ƙarƙashin gado da tocila, za ka ga sun tashi.

Sauro a ruwa yake ƙyanƙyasa, kuma daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana 10 zuwa 14 ba. Ko da rani ba ya rasa ruwa: kwatar da ta toshe, randar da ba murfi, kaskon ruwan kaji, kududdufin bayan gari, da ramukan ban ruwa na masu lambu. Wanda ya zubar da ruwan da ya kwanta a gidansa sau ɗaya a mako ya katse musu hanya. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro macen wani iri ce da ake kira anofilis, kuma da dare take cizo. Ku tuna kuma, maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, na watannin damina ne. Da an daina raba shi, gidan sauro ne ya rage musu.

Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana a ciki. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina. In ya huje a ɗinke, ko da hujin bai fi kan yatsa ba. A wanke shi a hankali da sabulu, ba a kai a kai ba, a shanya a inuwa. Maganin jikinsa yakan kai kamar wanki 20, ko shekara 3.

Amma fa gidan sauro da wuta ba sa ga maciji. Zarensa na roba ne, yana jin zafi yake narkewa ya ɗiga a jikin wanda ke ciki. Kasko, kyandir, fitilar ƙwai da maganin sauro na kunnawa, duk a nisanta su da shi. Shi wannan na kunnawar ma hayaƙi ne, bai dace da rufaffen ɗaki ba, balle inda jariri ko mai asma yake. Fiya-fiya kuwa a ganina gara a haƙura da ita. Guba ce mai ƙarfi, ga shi ana zuba ta a robar lemo, yaro bai san bambanci ba.

Aikin aji: a rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, a kula da haruffa masu lanƙwasa: ɗari, ɗumi, ƙura, hayaƙi, zazzaɓi.

Lissafi: wajen rabo, gidan sauro 1 na mutum 2 ne. Gida mai mutum 9, guda nawa ya kamata a ba su?

Aikin gida: kowa ya zagaya gidansa gobe da safe, ya ƙirga wuraren da ruwa ya kwanta, ya rubuto sunayensu a littafinsa.