Yadda Za a Haɗa Wasan Gem na Taro Ga Matasan Laburare

Da farko, zaɓi kusurwa nesa da masu karatu, domin matasa in wasa ya yi daɗi sai ihu. Haɗa na'urar, misali Nintendo Switch, da talabijin ta wayar HDMI. Tun daren da ake gobe wasan ka sauke sabuntawa, ka cika cajin hannayen wasa. Ba abin da ke kashe gwiwa kamar yara na zaune allo na lodi.

Sannan kunna kulawar iyaye a saitin na'urar, ka rufe saye da hira da baƙi ta intanet. Wannan kada ka tsallake shi.

Sa wasan tseren motoci na Mario Kart 8 Deluxe, mutum 4 ke bugawa a allo ɗaya. Rubuta sunaye a takarda, kowane rukuni tsere biyu, sai na gaba su karɓa.