Yadda ake auna matasan 'yan hoki da lissafin ƙuri'ar zaɓe a gasar NHL

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai ya san cewa ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi faɗuwa take yi zuwa ƙaramar gasa. A NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32, babu faɗuwa. Wadda ta fi shan kashi ma ita ake sa wa a gaban layi wajen zaɓen matasan 'yan wasa, wanda yawanci ake yi a ƙarshen watan Yuni, zagaye 7, kowace ƙungiya da zaɓi ɗaya a kowane zagaye in ba ta yi musayarsa ba. Amma don kada ƙungiyoyi su riƙa zubar da wasa da gangan, sai aka sa ƙuri'a a kan zaɓi biyu na farko. Saboda haka aikin ya kasu biyu: sanin inda ƙuri'a za ta iya ajiye ƙungiyarka, da sanin yaran da za ka tarar a wurin.

Mataki na farko: ka yi lissafin ƙuri'ar kafin ka fara son wani yaro

Ƙungiyoyi 16 da ba su samu shiga zagayen neman kofin Stanley ba su ne ke cikin ƙuri'ar. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a fitar da 4. Hanyoyin da lambobi huɗu za su iya haɗuwa daga cikin 14 sun kai 1,001. Ana ware ɗaya, in ta fito a sake, sauran 1,000 a raba wa ƙungiyoyi. Ta ƙarshe a teburi tana samun 185, wato kashi 18.5 cikin ɗari. Mai bi mata 13.5, ta uku 11.5, ta huɗu 9.5, ta biyar 8.5, haka yake ta raguwa har ta goma mai 3.5, biyun ƙarshe kuma rabin kashi ɗaya kowacce.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata lissafi. Tun daga 2022, ƙungiyar da ta ci ƙuri'a ba ta haura fiye da matsayi goma. Ke nan ƙungiyoyi 11 kaɗai ke iya kaiwa ga zaɓin farko. In ta 12 zuwa ta 16 ce ta ci, za ta haura goma ɗinta ta tsaya, zaɓin farko ya zauna a hannun ta ƙarshe. Ka tara kason waɗannan biyar ɗin, 2.5 da 2 da 1.5 da 0.5 da 0.5, ka samu 7. Ka ɗora a kan 18.5, ya zama 25.5. Wannan shi ne ainihin rabon ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa: ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya.

Sau biyu ake jan ƙuri'ar, don haka ba ƙungiyar da ke zamewa ƙasa fiye da matsayi biyu. Ta ƙarshe za ta yi zaɓi na ɗaya, ko na biyu, ko na uku, kuma abin da ya fi yiwuwa, sama da rabi, shi ne na uku. Ni a ganina wannan lissafin shi ya kamata ya zama ginshiƙin duk shirin. Ka shirya kamar na uku za ka samu. A 2015 Buffalo ta ƙare a ƙarshe tana hangen Connor McDavid, Edmonton ta ci ƙuri'a ta ɗauke shi. A 2023 Anaheim ce ta ƙarshe, Chicago mai kashi 11.5 ta ɗauki Connor Bedard. A 2025 New York Islanders da kashi 3.5 kacal suka tashi daga na goma zuwa na ɗaya, Utah kuma ta ci jan na biyu amma daga na 14 ta tsaya a na 4 saboda dokar matsayi goma. San Jose dai ta ci a 2024 tana ta ƙarshe, ta ɗauki Macklin Celebrini, amma wannan shi ne ɗayan cikin huɗun.

Kada ka manta da dubawa ko ƙungiyar ta taɓa cin ƙuri'a kwanan nan, domin doka ta hana ci fiye da sau biyu cikin shekara biyar.

Mataki na biyu: ka jera yaran rukuni-rukuni

Hukumar gasar tana da sashenta na masu farautar 'yan wasa, wanda ke fitar da jeri huɗu: 'yan wasan Arewacin Amurka, masu tsaron ragarsu, 'yan wasan sauran ƙasashe, da nasu masu tsaron ragar. Ka fara da wannan don kada wani suna ya wuce ka, amma kada ka tsaya a nan. Jerin lamba ɗaya, biyu, uku yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato tazarar da ke tsakani. Wata shekarar yaro ɗaya ne a sama shi kaɗai, sai ragowar su biyo daga nesa. Wata shekarar kuma huɗu ko biyar ne kusan kai ɗaya, kamar 2022, lokacin da Shane Wright ya daɗe ana ce masa na ɗaya, ranar zaɓe Montreal ta ɗauki Juraj Slafkovsky, shi kuma ya sauka har na huɗu a Seattle.

In rukunin sama na da yara biyar kuma mafi munin matsayinka na uku ne, hankalinka ya kwanta, ƙuri'a ba za ta cuce ka sosai ba. In kuwa yaro ɗaya ne, to aikinka na gaske yana cikin rukuni na biyu.

Mataki na uku: ka tambayi maki daga ina suka fito

A hoki ana ba ɗan wasa maki ɗaya in ya zura faifai (ƙaramin faifan roba da ke zaman ƙwallo a hoki) a raga, ɗaya kuma in ya taimaka aka zura. Ɗaukar jimillar makin nan kai tsaye a kwatanta yara biyu shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Fara da gasar da yaron ke bugawa. A kakar 2022 zuwa 2023 Bedard ya ci 71, ya tara maki 143 a wasa 57 a Regina, a gasar matasa ta yammacin Kanada. Leo Carlsson a kakar nan maki 25 ya samu a wasa 44 a ƙungiyar Örebro. Wanda ya kalli lambobin kawai zai ce babu haɗi ko kaɗan, amma Carlsson a babbar gasar Suwidin yake bugawa, yana ɗan shekara 17 zuwa 18 cikin magidanta, shi ya sa Anaheim ta ɗauke shi na biyu. Gasannin matasa uku na Kanada, gasar jami'o'in Amurka, manyan gasannin Suwidin da Finlan da Rasha, kowacce da nauyin makinta. Masu nazarin alƙaluma na amfani da ma'aunin da ke juya makin kowace gasa zuwa kwatankwacinsa a NHL, bisa abin da 'yan wasan da suka ƙaura a baya suka yi. Ma'auni ne mai amfani wajen tace sunaye, amma ba ya ganin minti nawa koci ya ba yaron.

Sai shekaru. Dole yaro ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na shekarar zaɓe. Saboda haka a aji ɗaya za ka samu wanda ya girmi wani da kusan shekara guda, kuma a wannan shekarun wata goma sha ɗaya ba ƙaramin abu ba ne wajen ƙarfi da tsawo. An haifi Auston Matthews ranar 17 ga Satumba 1997, kwana biyu suka hana shi shiga zaɓen 2015, ya je ya buga kaka guda a Zurich ta Suwizalan, Toronto ta ɗauke shi na ɗaya a 2016. Matthew Schaefer kuwa, wanda Islanders suka ɗauka a 2025, an haife shi ranar 5 ga Satumba 2007, yana cikin ƙananan ajinsa. In yara biyu sun yi kunnen doki a maki, ƙaramin ya fi ban sha'awa.

Na uku, ka raba makin da ya samu lokacin da ƙungiyoyin biyu ke da mutane daidai, da wanda ya samu lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu. Na farkon ya fi wuya, ya fi nuna gaskiya. Ka kuma duba su wa ake sa shi tare da su. Akwai yaron da yake cin albarkacin abokin layinsa, akwai wanda shi ake ci wa albarka.

Mataki na huɗu: ka kalli wasa, kuma ka kalli yaron lokacin da faifai ba ya wurinsa

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi cin lokaci. Gajerun bidiyon da ke yawo a intanet cin raga kawai suke nunawa. Ka nemi cikakken wasa, musamman wanda ƙungiyarsa ta sha kashi, ka bi shi da ido shi kaɗai duk lokacin da ya shigo fili.

Abu na farko da za ka duba shi ne ko yana waiwayawa kafin faifai ya iso gare shi. Yaron da ya riga ya san inda zai tura tun kafin ya karɓa, shi ne zai rayu a NHL, inda fili ya fi na Turai ƙunci (faɗinsa ƙafa 85 ne, tsawonsa 200) kuma ba a ba mutum sarari ya yi tunani. Sai zamiyarsa a kan ƙanƙara: takun farko guda uku, yadda yake juyawa, da yadda yake tafiya da baya in ɗan baya ne. Sai halinsa a jikin katangar fili, inda ake turereniya a kan faifai. Shiga yake yi ko jira yake wani ya fito masa da shi? In an ƙwace masa, komawa yake da gudu ko tsayawa yake yana kallon alƙalin wasa?

Sannan ka raba aibin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa. Ƙarfin jiki na zuwa da shekaru. Zamiya ma ana koyar da ita: Brayden Point ya sauka har na 79 a 2014 saboda ana ganin ƙarami ne kuma ba shi da sauri, Tampa Bay ta ɗauke shi, ya gyara takunsa, ya zama cikin ginshiƙan da suka ci mata kofi a 2020 da 2021. Karanta wasa kuwa da wuya a dasa shi a kan wanda bai zo da shi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kada gasa guda ta ruɗe ka. Gasar matasa ta duniya da ake yi a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu wasa bakwai ce ga wanda ya kai ƙarshe, kuma kowa na kallo, shi ya sa take ɗaga suna ko ta kayar da shi fiye da kima.

Mataki na biyar: gwajin jiki, lafiya da hira

Kafin zaɓe ana tara manyan yaran a Buffalo a gwada ƙarfinsu, likitoci su duba su, ƙungiyoyi su zauna da su. Sakamakon motsa jikin shi ne mafi ƙarancin amfani. A 2014 Sam Bennett ya kasa ɗaga jikinsa a kan sandar ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta magana, Calgary ta ɗauke shi na huɗu, a 2025 kuma shi aka ba kyautar gwarzon zagayen kofi a Florida. Rahoton likita ya fi nauyi. Schaefer wasa 17 kaɗai ya buga wa Erie a kakarsa ta zaɓe, ya kuma karya ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji a gasar matasa ta duniya, amma karaya ce mai warkewa, ba ta hana shi zama na ɗaya ba. Ciwon da ke dawowa, irin na ƙugu ko bugun kai, shi ne abin tsayawa a yi tambaya.

Mataki na shida: yaushe zai iso, kuma a wane gurbi

Matvei Michkov na cikin waɗanda aka fi yabo a 2023, amma yana da kwantiragi da SKA ta Saint Petersburg har 2026, sai ya sauka na bakwai a Philadelphia. Ya iso tun 2024. Wanda ya tafi jami'a kuma yana iya ƙare karatunsa ya ƙi sa hannu, kamar yadda Jimmy Vesey ya ƙi Nashville da ta zaɓe shi, ya sa hannu da New York Rangers a 2016. Ka san wannan tun kafin ka kira suna.

Kan gurbi, shawarata ita ce a saman zaɓe ka ɗauki wanda ya fi iyawa, ko da ƙungiyar na da irinsa. Yawancin yaran nan sai bayan shekara biyu zuwa huɗu suke samun gindin zama, lokacin buƙatar yau ta canza. Masu tsaron raga kuwa su suka fi wuyar hasashe. A 2000 an ɗauki Rick DiPietro na ɗaya, Henrik Lundqvist na 205, kuma Lundqvist ne ya zama gwarzo. Connor Hellebuyck na 130 ne a 2012, Igor Shesterkin na 118 a 2014, dukansu sun ci kyautar Vezina ta mai tsaron raga mafi ƙwarewa. Gara ka ɗauki ɗaya a tsakiyar zaɓe kusan kowace shekara da ka kashe babban zaɓi a kan guda.

Mataki na ƙarshe: ka duba wa ke riƙe da zaɓin

Ana musayar zaɓe kamar yadda ake musayar 'yan wasa, wani lokaci shekaru kafin lokacinsa. San Jose ta ba Ottawa zaɓinta na zagayen farko cikin cinikin Erik Karlsson tana ganin za ta ci gaba da zama a sama, sai ta rushe, zaɓin ya zama na uku a 2020, Ottawa ta ɗauki Tim Stützle. Shi ya sa ake sa sharaɗin kariya: in zaɓin ya faɗo cikin goman farko, alal misali, mai shi ya riƙe abinsa ya bayar da na baɗi. Idan ƙungiyarka na da irin wannan sharaɗi, ka koma teburin mataki na farko ka lissafa yiwuwar ta zame matsayi ɗaya ko biyu. Wadda ta ƙare ta tara daga ƙasa tana iya sauka ta 11 in ƙungiyoyi biyu da ke bayanta suka haura ta, kuma a nan kariyar goman farko ta daina aiki.