Yadda za ku gwada na'ura a majalisa kafin ku yi musu a kanta

Majalisarmu a Mabera take, cikin Sakkwato, bakin shagon wani tela, bayan Isha'i. Tun da manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira suka shigo wayoyin mutane muka rasa zaman lafiya. Tela ya rantse abin yana da hankali, don ya rubuta masa wasiƙar neman kwangilar ɗinkin yunifom. Malamin Islamiyyarmu ya ce aku ne kawai, abin da ya ji yake maimaitawa. Wani ɗan kabu-kabu kuwa ya ce shi dai aljani bai wuce haka ba. Da yake lissafi da fiziks nake koyarwa a sakandare, kullum ni ake juyowa a kalla: "Malam, kai mi kac ce?" Dare uku ina bayani, babu wanda ya motsa daga inda yake. A na huɗu na daina bayani, na zo da takarda da biro. Ga yadda muka yi, ko taku majalisar ta kamu da irin wannan ciwon.

Wasan ba ni na ƙirƙiro shi ba. Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, shi ya kawo shi a 1950. Ya ga tambayar "na'ura tana tunani?" ba ta da bakin zare, don kowa da abin da yake nufi da tunani. Sai ya musanya ta da wadda za a iya gwadawa: a ɓoye mutum, a ɓoye na'ura, mai tambaya ya yi hira da su a rubuce, a ga ko zai tantance wane ne wane. Har ya yi hasashen cewa cikin shekara hamsin za a samu na'urar da, bayan hirar minti biyar, damar mai tambaya ta gane gaskiya ba za ta wuce kashi 70 cikin 100 ba.

Kuna bukatar waya ɗaya mai data, takardu, biro biyu iri ɗaya, da mutum uku ban da masu tambaya. Ɗaya shi ne wanda za a ɓoye ya ba da amsa da kansa. Na biyu yana riƙe da wayar, yana shigar da tambaya, yana kwafe amsar na'ura. Na uku ɗan aike ne. Mu cikin shagon tela muka sa su, aka saki labule. Abin da ya fi kome muhimmanci, kuma a nan muka fara yin kuskure: mutum ɗaya ne zai kwafe amsoshin biyu da hannunsa, ya sa wa ɗaya lamba 1, ɗaya lamba 2. A zagayenmu na farko kowa ya rubuta tasa, nan take aka gane rubutun ƙanena, wanda kamar kaza ta yi tonon ƙasa yake. Kuma kada a fito da amsa ɗaya kafin ɗaya. Na'ura tana gamawa cikin daƙiƙa, mutum yana tauna biro. A riƙe su, a fito da su tare.

Kafin a fara, ku gaya wa manhajar rawar da za ta taka: ta amsa a matsayin magidanci Basakkwace, a taƙaice, jimla ɗaya ko biyu, ba jerin lambobi, ba nasiha. In ba ku yi haka ba za ta cika shafi da ladabi da "ina fatan wannan ya taimaka", wasa ya mutu tun bai fara ba. Shi ma mutumin a ja masa kunne kada ya yi ƙoƙarin burge kowa, ya amsa yadda ya saba.

Tambayoyin su ne gishirin abin. Kada ku ɓata lokaci da lissafi. Turing da kansa ya hango wannan: a misalin da ya bayar an ce a haɗa 34957 da 70764, mai amsa ya yi jim na kusan daƙiƙa 30 ya ce 105621, alhali amsar 105721 ce. Wato na'ura mai wayo tana iya yin kuskure da gangan. Tarihi ma bai cika raba gardama ba. Da aka tambayi shekarar da aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, na'ura ta ce 1804, ƙanena ya ce bai tuna ba, aka gane shi ta hanyar da ba ta yi masa daɗi ba.

Abin da ya kama ta shi ne abin da ake rayuwa da shi amma ba a rubutawa. Wani dattijo da muke kira Baba, tsohon ɗan kasuwar fata, ya ce a tambaye su yadda za a gane furar da ta kwana. Amsa ta 1 ta zo da tsabta: za ta yi tsami, warinta ya canja, a kula da lafiya. Amsa ta 2 ta ce: "In mai hura ta yi maka ragi ba ka tambaya ba." Majalisa ta fashe da dariya, ba wanda ya tsaya ƙuri'a. Haka da aka ce a yi kwatance daga Mabera zuwa Hubbare a kan babur: na'ura ta jero sunayen tituna da gaba gaɗi, biyu daga ciki babu wanda ya taɓa jin su a garin nan. Ɗan kabu-kabu ya ce, "Wanga aljanin baƙo na."

Amma kada ku yi saurin murna. Da aka koma tambayoyin zuciya, irin yadda za a yi wa aboki ta'aziyyar mahaifiyarsa, mutum huɗu cikin bakwai suka zaɓi amsar na'ura a matsayin ta ɗan Adam, har da malamin Islamiyya. Ya daɗe yana juya takardar. Ba sabon abu ba ne: a 1966 Joseph Weizenbaum ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA a Amurka, wadda aikinta kawai ta juya maka maganarka ta zama tambaya, duk da haka sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗaki don ta yi hira da ita a keɓe.

A nan ne ya dace ka ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, kuma ka gajarta. An ciyar da manhajar da tulin rubutu mai yawan gaske, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Ta'aziyya an rubuta ta sau ba adadi a harsuna da yawa, shi ya sa ta iya. Sakkwatanci da dabarun masu fura kuwa a baki suke yawo, kaɗan ne suka shiga intanet.

Daga nan tela zai ce, to ai ta ci jarrabawa a wani wuri, ke nan tana fahimta. Kada ka amsa da baki. Ka yi wasa na biyu, wanda masanin falsafa John Searle ya kawo a 1980. Shi da Sinanci ya yi misali, mu muka yi da Zabarmanci, don muna da maƙwabci Bazabarme. Ya rubuta mana tambayoyi da amsoshinsu a kati, ba fassara. Muka sa tela a bayan labule da katunan, shi da ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Zabarmanci. Aka miƙa masa takarda an rubuta "Mate ni go?", ya duba kati, ya kwafo "Baani samay", ya miƙo. Bazabarme ya ce amsa ta yi daidai. Na ɗaga labule na ce, "Maigida, me aka tambaye ka?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Hujjar Searle ke nan: jera alamomi bisa ƙa'ida daban, sanin ma'anarsu daban.

Ka shirya, don mai kaifin kai zai mayar maka da martani, kuma martanin yana da ƙarfi. A wurinmu wani ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ne ya ce: tela bai ji ba, amma tela da katunan da wanda ya tsara su, in an haɗa, ai sun ji. Ƙwayar ƙwaƙwalwa guda ɗaya ma ba ta jin Hausa, amma kai kana ji. Wannan martanin tun zamanin Searle aka yi masa shi, ya amsa da cewa ko da mutumin ya haddace katunan duka a kansa, bai fahimci kome ba. Har yau masana ba su rufe wannan babin ba. Ni ina tare da Searle da kashi mafi yawa, sai dai na faɗa wa majalisa gaskiya cewa katunanmu goma sha biyu ne, kuma ban da tabbacin hankalina yana iya auna abin da zai faru in sun zama biliyoyi.

Wuri mafi haɗari shi ne lokacin da wani zai jefo fiziks. Akwai mai cewa "kwantam ya nuna duniya ba gaskiya ba ce" (kwantam shi ne fiziks na ƙananan ƙwayoyin da kome ya ginu da su), akwai mai cewa ya ga bidiyo cewa duk cikin kwamfuta muke. Dabarata ɗaya ce: in tambaye shi, in maganarka gaskiya ce, me za mu gani gobe da safe wanda ba za mu gani ba in ƙarya ce? Zancen cewa duniya shirin kwamfuta ce, wanda Nick Bostrom ya tsara a 2003 lokacin yana jami'ar Oxford, hujja ce ta ƙiyasi da lissafin yiwuwa, ba sakamakon awo ba. Kwantam kuwa an auna shi. John Bell ya nuna a 1964 yadda za a gwada, aka yi gwaje-gwajen, har mutum uku suka samu kyautar Nobel a kansu a 2022. Abin da suka nuna shi ne ƙananan ƙwayoyi ba sa bin hoton da muka saba da shi, na cewa kowane abu yana ɗauke da siffofinsa tun asali kuma na kusa da shi kaɗai ke taɓa shi. Ba su nuna cewa bencin da kake zaune a kai mafarki ne ba.

In kuma wani ya ce kwamfuta za ta iya kome in an ba ta lokaci, wannan yana da amsa yankakkiya. Turing ya tabbatar a 1936 cewa babu wata manhaja da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗa ko za ta gama aiki ko za ta yi ta juyawa har abada. Roger Penrose ya dogara da irin wannan iyaka, da binciken Kurt Gödel na 1931, ya ce tunanin mutum ya fi ƙarfin lissafin na'ura. Yawancin masana mantiƙi ba su yarda hujjarsa ta kai ba. Ka faɗi duka biyun.

Batun ruhi kuwa, ka bar wa masu shi, kuma ka faɗi haka tun da wuri. Malaminmu ya karanto ayar Suratul Isra'i, cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kowa ya yi shiru. Na ce, "Allah gafarta Malam, takardunmu ba su auna wannan ba, magana kawai suka auna." Ya ce, "Awo, haka ne," sannan shi da kansa ya kawo misalin Imam Ghazali na wuta da auduga: ganin ƙonewa na biyo bayan taɓawa bai isa hujjar cewa wutar ce ke yi da ikon kanta ba. Ya ce haka ganin amsa mai kyau na biyo bayan tambaya. Ban taɓa haɗa su ba sai daren nan.

Ku adana takardun, ku rubuta kwanan wata a kai, don manhajojin nan suna canjawa cikin 'yan watanni, kuma musu zai tashi kan abin da aka ce da wanda ba a ce ba. Namu suna cikin aljihun keken tela, ƙarƙashin allurai. Mun sa rana bayan Babbar Sallah za mu maimaita da tambayoyi iri ɗaya. Baba ya ce ya tanadi wata sabuwa kan jimar fatar jar akuya, ya ƙi gaya wa kowa, wai kada ta kai kunnen na'ura.